Masu Buɗe wa Kogi Hanya

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil na Kogin Kano ne da na Calawa, sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja. Daga nan yake nufar gabas ta ƙasar Ringim da Miga da Auyo. Yana wuce Haɗeja sai ƙasa ta kwanta masa, gangare ya ƙare, ya rarrabu tsakanin tsoffin tuddan rairayi: reshe guda ya bi tsohuwar hanyarsa, guda ya zama Burum Gana, guda kuma Marma, wadda ke zuba a tafkin Nguru. Ta kudu Kogin Jama'are na gangarowa daga duwatsun Jos, shi ma ya bazu a ƙasar Katagum, sannan su haɗe gab da Gashuwa su zama Kogin Yobe, mai bin iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Difa har Tafkin Cadi. Abin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa shi ne fadamar da Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani ke rayuwa a kanta tun kaka da kakanni. A shekarun 1960, in damina ta yi kyau, ruwa kan malale sama da murabba'in kilomita 2,000 a nan. Can na nufa a ƙarshen hunturu, saboda labarin da na daɗe ina ji na ƙauyukan da ke shiga ruwa da lauje don su dawo da kogunan da suka toshe.

Mun bar Kano ta Gezawa da Gujungu, hazo ya rufe gari, gonakin gero da dawa duk an kwashe sai tushiya. Sai da muka kusa Haɗeja ido ya huta: alkama ta fitar da kai, ga albasa da tattasai fangali-fangali, injunan ban-ruwa na ta ƙugi. Haɗeja gari ne da ke cin arzikin ruwa yana kuma kwana da fargabarsa. A kasuwar kifi kwalayen bandar tarwaɗa ne jibge, ana loda wa motocin da za su Kudu. Bayan gari kuwa ga jingar da ta tsaya tsakanin gidaje da kogi, wadda a ambaliyar 2020 da ta 2022 samari suka riƙa kwana a kanta suna cika buhuna da ƙasa.

Da muka kama hanyar Kirikasamma da Guri na fara ganinta. Dama da hagu, iya ganinka, ciyawa ce doguwa da ta shanye tsawon mutum, mai ganye siriri da kai ruwan ƙasa irin zangarniyar gero. Baƙo zai ce yabanya ce, har ya yi wa mutanen wurin murna. Kacala ke nan. Direbanmu ɗan yankin ne, yana tuƙi yana nuni da hannu: nan gonar shinkafar mahaifinsa ce a da, can mashayar shanu ce, wancan kuma tafki ne da suka koyi iyo a ciki. Ban ga gona ba, ban ga mashaya ba, ban ga ruwan tafkin ba.

Kacala ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawa sun san ta a bakin tafkuna, 'yar kaɗan, ana yankanta a yi jinka da zana. Abin da ya hana ta yaɗuwa a da shi ne rani. Kogin Haɗeja kan cika ya batse a watan Agusta da Satumba, sannan ya ja baya, kafin bazara ya zama rairayi ana tafiya a cikinsa da ƙafa, duk saiwar da ta kama ta ƙone a rana. A wannan zuwa da komawar ruwa arzikin fadamar yake. Ruwa ya hau, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya shuka shinkafa. Ruwa ya fara janyewa, masunci ya tare kifin a hanyar komawa, manomi ya bi laima da wake da kuɓewa da kabewa. Aka girbe, Bafulatani ya sauko da shanu su ci ciyawar burugu su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku sun ci, ba wanda ya taka wani, ruwan da ya nutse kuma shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aikin da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako, a 1992 kuma ta Calawa a ƙasar Ƙaraye, ga ƙaramar madatsar da ke kusa da Auyo mai ba gonakin kwarin Haɗeja ruwa. Madatsun suka riƙe ruwan damina, suka koma sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani da shan birnin Kano. Ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta rage ƙarfi, ranin da ke busar da su ya ɓace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne duk abin da kacala ke nema. Ta kama baki, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, ta ƙara taku a kan lakar, har tsakiyar kogi ya cike. Kowane kai nata na ɗauke da dubban iri masu gashi, iskar hunturu na raba su kyauta.

Da tsohon kogi da Burum Gana suka toshe, ruwa ya tattara ya bi Marma. Sai aka wayi gari da masifa iri biyu a ƙasa ɗaya. Ƙauyukan bakin Marma da tafkin Nguru ruwa ya ci gonakinsu ya ƙi tafiya, waɗanda ke ƙasa da toshewar kuma suna kallon busasshen kwari suna haƙa rijiya. A cikin kacalar ne tsuntsun jan-baki ke kwana, garke-garke, da asuba ya faɗa wa shinkafa da gero. A cikinta sauro ke haihuwa, da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Kwalekwale ba ya ratsa ta, birgi ba ya jefuwa a cikinta.

A wani ƙauye na ƙasar Guri na sami ranar gayya. Tun da dare sanƙira ya zaga, kuma kafin nan bulamomi da sarakunan ruwa na ƙauyukan da ke shan wannan reshe sun zauna sun raba aiki: an auna kogin da igiya, kowane gari da rabonsa, kowane gida ya ba da namiji guda ko ya biya abin da za a ciyar da masu aiki. Ba a shiga ba sai da rana ta ɗan ɗaga, don ruwan ƙarshen hunturu yana yanka ƙashi. Da muka isa a kwalekwale sun riga sun yi layi, ruwa iya ƙirji, kowa da lauje ko adda.

"Sannunku da aiki, Baba," na ce wa wani dattijo da ke zaune a gaban jirgi yana nuna inda tsohon kwarin ya bi.

"Yauwa, sannu da zuwa, Malam. Matso nan ka ga yadda ake yi mata."

Ya sa wani saurayi ya miƙo ganye guda, ya tsaga shi da farce ya nuna mini cikinsa, rami-rami ne tun daga sama har ƙasa. Ta nan take shaƙar iska ta kai wa saiwar da ke binne cikin laka. In ka yanke ta a saman ruwa, ko ka sa mata wuta, aski ka yi mata, kafin wata ya zagayo ta tofo. Sai an nutsa hannu an yanke ta ƙasa da fuskar ruwa da kamar kamu biyu, ruwa ya rufe bakin kututturen, saiwar ta rasa numfashi ta ruɓe. Ko hakan ma ba a yi sau ɗaya a tafi. Ana dawowa a bi tofon da ya tsira, a sake bi. Wannan ilimi ne da masana tsirrai suka tabbatar, amma shi dattijon a ruwa ya koya, da hannun da ganyen ya tsattsaga.

Aikin hawa-hawa ne. Masu yanka na gaba. Bayansu masu ƙugiya da dogayen sanduna na jan abin da aka yanke zuwa gaci, domin in aka bar shi a ruwa zai taru a wata kwana ya zama sabuwar toshewa. A bakin reshen, inda laka ta fi kwanciya, wasu ne da shebur da kwanon sarki suna yashewa, suna miƙa wa juna har tudu. Makaɗi na tsaye cikin kwalekwale da gangarsa yana kiran sunayen garuruwa, wanda aka kira sai ka ji ihu ya tashi daga sashensu. Lokaci-lokaci wani ya fito gaci ya ciccire matsattsaku daga ƙwaurinsa, jini na bin ƙafa, ya koma. Na ga Fulani cikin layin, wanduna a naɗe, kafaɗa da kafaɗa da manoman da wataƙila bara sun yi shari'ar ɓarna da su a gaban hakimi. Mashaya da burugu suka kawo su. Wajen azahar mata suka iso da fura da tuwon shinkafa, wani ɗan kasuwar kifi ya aiko da buhun gari da man jirgi. Ba wanda aka biya ko sisi.

Bayan la'asar masu yankan garin nan suka haɗu da na garin gaba, bangon ƙarshe da ya raba su ya faɗi. Ban ga wani abin mamaki nan take ba. Sai dattijon ya jefa guntun kara a ruwa ya ce in duba. Karan ya tsaya, ya juya, sannan ya kama tafiya gabas a hankali. Kafin magariba wayoyi sun fara ƙara, mutanen ƙauyukan ƙasa na tambaya ina ruwa ya kawo. Na ga mutum ya ɗaga hannu yana hamdala da laka har wuya, kuma ban ji kunyar ƙwallar da ta zo mini ba.

Wannan haɗin kai yana da tarihi. A farkon shekarun 2000 wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa ya tara ƙauyukan fadamar, na sama da na ƙasa, manoma da masunta da makiyaya, suka zauna suka fahimci cewa ambaliyar wannan da ƙishirwar wancan abu ɗaya ne, aka kuma yi gayyar share Burum Gana. A 2006 aka yi taro a Damaturu zamanin Shugaba Obasanjo, jihohi shida da ke shan waɗannan koguna, wato Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka kafa asusun kula da su. Daga baya gwamnatin Jigawa ta sayo motocin haƙa masu tafiya a kan ruwa, na ga ɗaya tana aiki, abin da take kwashewa a yini gari guda ba zai kwashe a mako ba. Ina murna da ita. Amma mota ta manyan hanyoyi ce, kuma in ta wuce ba ta dawowa bin tofo. Ƙananan rassan da ke kai ruwa gona da tafki, waɗanda ko a taswira ba su fito ba, mai lauje ne kaɗai ya san su. Akwai kuma masu binciken jami'ar tarayya da ke Gashuwa da suka gwada mai da kacala abincin dabbobi da iskar girki. Ranar da yankanta ya zama sana'a mai kawo kuɗi, gayya za ta sami mataimaki.

Daga nan na wuce dajin Baturiya a ƙasar Kirikasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, shekara takwas bayan tafkin Nguru da Marma, da suka zama na farko a Najeriya a 2000. Dajin gabaruwa ne da giyayya, itatuwan da ke iya tsayawa wata da watanni ƙafarsu cikin ruwa, sai goruba da kanya da tsamiya a kan tudu. A jikin kowace gabaruwa akwai zanen inda ruwan bara ya tsaya. Inda dajin ke da rai duhu ne da sanyi da kukan tsuntsaye. Inda gatari ya bi kuwa kututture ne jere, wasu an mai da wurin gona. Itacen na tafiya birane a kan manyan motoci, wani kuma a bandar kifi yake ƙarewa, kifin nan da na gani a Haɗeja.

Samarin da suka zaga da ni 'yan sa-kai ne daga ƙauyukan gefen daji. Suna renon dashe a leda a bayan makaranta, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke kewaye 'ya'yan gabaruwar da suka tsiro da kansu bayan janyewar ruwa da ƙaya, don kada awaki su cinye. Dashen biki, wanda ake yi gaban kyamara a tafi, ban cika ganin ya kai baɗi ba. Wanda ya tsiro inda ruwa ya ajiye irinsa ya riga ya zaɓi wurinsa, kariya kawai yake so. Kuma suna da dalilin karewa: majema na sayen 'ya'yan gabaruwa, mata na saƙa tabarma da faifai da igiya da kabar goruba, masu zuma na da amya a sama. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga wannan wuri ya zama gandun daji na ƙasa. Fatana shi ne a ɗauki irin waɗannan samari aikin gadi, a kuma bar mai kaba da mai zuma su shiga bisa ƙa'ida. Dajin da aka kori maƙwabtansa, da dare ake sare shi.

Ba zan ce duk laifin na sama ne ba. A Marma na ga dumba, jerin gurar kifi da ake gicciya wa kogi daga gaci zuwa gaci, ba babba ba yaro duk ta kwashe, tana kuma tare ciyawa da laka. Na ga inda manomi ya fasa gaɓar kogi ya ja ruwa gonarsa, fasawar ta faɗaɗa ta zama sabon kogi ta cinye gonakin maƙwabta. Sarakunan ruwa sun san wannan, a zaman raba aikin gayya ma an tayar da maganar, an yi ta da zafi, ba a gama ba.

A Nguru na kwana, garin da layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930. Da sassafe muka sauka daga titin Gashuwa muka bi rairayi zuwa Dagona a ƙasar Bade, wani tafki da kogi ya bari da ya sauya hanya, yanzu yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Cadi. Tun kafin mu hango ruwa muka ji fito irin na kirinjijiya. Ga ɗinya, ga zalɓe tsaye shi kaɗai, ga balbela da jinjimi. Cikinsu kuma ga baƙin da suka sa duniya ta san wurin: ƙananan agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Rasha, su ƙetare teku da Sahara su yi hunturu a nan, su juya wajen watan Maris. Bayan hamada, wannan na cikin ruwan farko da suke tararwa. Saboda su aka fara shirin kiyaye fadamar a 1987, saboda su Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona a 1989 yana shugaban ƙungiyar kare namun daji ta WWF. Ma'aikacin da ya raka ni ya nuna mini abin da ke gaban idona: tsuntsayen duk suna kan buɗaɗɗen ruwa ne da laka mai laushi inda ruwa ya janye. Abin da agwagwar Rasha ke nema shi ne abin da masunci da mai shinkafa ke nema. Masu laujen Guri ba don tsuntsu suka shiga ruwa ba, amma sun yi masa aikin da ba wani mai gadi da zai iya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk wannan wahala ana yin ta ne a ƙarshen igiya, bakinta kuwa na Tiga da Calawa. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin ruwan nan: kowace kubik mita dubu ta ruwa da ta malala a fadama tana ba da abin da ya kai dala 32 na noma da kifi da itace, alhali a aikin noman rani na Kogin Kano ba ta wuce santi 15 ba. Ban kawo wannan don a rushe madatsa ba. Kano na shan ruwan, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa na ciyar da miliyoyi, har a cikin fadamar ma yanzu akwai masu injin da suka dogara da ruwan rani. Abin da masana suka daɗe suna faɗa shi ne a sauya yadda ake saki: a sako da yawa a tsakiyar damina yadda zai wanke hanyoyi ya hau fadama a kan lokaci, a kuma ƙuntata wani lokaci na rani, reshe bayan reshe, har laka ta tsage saiwar kacala ta mutu, tare da sanar da mutanen ƙasa tun da wuri. An gwada makamancin haka a arewacin Kamaru, inda madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logon: a 1994 aka buɗe wani reshe da aka toshe, ruwa ya sake hawa, ciyawar kiwo da kifi suka dawo.

A Gashuwa tafiyata ta ƙare, a kan gadar Kogin Yobe. Mafi yawan ruwan da ke wucewa ƙarƙashinta na Jama'are ne, domin na Haɗeja kaɗan ne ke kuɓuta daga kacala ya iso. Jama'are kuwa yana isowa ne saboda har yau ba a datse shi ba. An taɓa fara gina masa madatsa a Kafin Zaki a jihar Bauci, aikin ya tsaya, kuma duk bayan 'yan shekaru sai a sake tayar da batun, mutanen Bauci na son noman rani, na Yobe da Barno na tsoron abin da zai biyo baya. Masunta da manoman shinkafar da na zauna da su a bakin gadar ba su kawo mini lissafi ba. Duk wanda na tambaya game da Kafin Zaki, sai ya tambaye ni ko na bi ta Marma a hanyata ta zuwa.